Shekarar da Magnoliyar Layinmu Ta Yi Rawaya

Ba na son a kira ni mai ban ruwan fulawa, kuma duk wanda ya sake faɗa zan ba shi amsa a gaban mutane. 'Yar wata ƙawata ce ta faɗa, ɗalibar jami'a, ranar wani suna a unguwar Abbasiya, nan Alƙahira. Tana gabatar da ni ga baƙi sai ta ce, "Wannan Inna Kulu ce, ban ruwan fulawa take yi a gidajen manya." Da murmushinta ta faɗa, a ganinta ta mutunta ni. Ban ruwa aikin tiyo ne. Ni mai dashen itace ce, na haura shekara ashirin a kai, kuma bishiyar da na fi sani ita ce wadda ta fi kowace wuyar sha'ani a Alƙahira, wato magnoliya. Ku da kuke ganin haƙa rami ne kawai a cusa tsiro a take da ƙafa, ku zauna ku ji.

Daga Sudan na zo, wajen Sinnar, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Noma na tashi da shi, dawa da kuɓewa da albasar bakin kogi. Amma a nan shara da wanki na fara, a Zamalek, unguwar masu hali, gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya. Matarsa Madam Rifkatu mutuniyar Jos ce, tana yi mini dariya wai Hausata irin ta kakarta ce. A lambun gidan akwai wata magnoliya da ta wuce benen tsawo. Ganyenta kauri gare shi, samansa yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ƙasansa kuwa ja-ja kamar tsatsa. Idan zafi ya fara shigowa sai ta fitar da fure fari tas, girman ƙoƙon fura, ƙamshinsa kamar an yanka lemon tsami a ɗakin amarya. Mai kula da ita wani tsoho ne daga kudancin Masar, Amm Sabir, da jallabiyarsa mai faɗin hannu da rawani.

Ranar da na fara shiga hannunsa, alheri na je yi. Na gama wanki da wuri, na ga ciyawa a gindin bishiyar, na ga fartanya a jingine. Wace 'yar manoma ce za ta wuce? Sara uku na yi na ji ihu daga bayan gida.

"Haram, ya binti! Ajiye! Ajiye na ce!"

Na ce, "Ya Amm, ciyawa nake cire maka."

Bai yi mini faɗa ba. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya share ƙasar da tafin hannu, ya nuna mini abin da na sara. Saiwoyi ne farare, masu taushi kamar ɗanyen rogo, kwance a sama-sama, ko tsawon yatsa ba su nutse ba. "Kuka da dabino ƙasa suke bi," in ji shi. "Wannan baiwar Allah a fuskar ƙasa take cin abinci. Kin sare mata baki." Daga nan ya sa na cire sauran ciyawar da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, yana zaune yana shan shayi yana kallona. Da na gama ya ce gobe ma in zo.

Haka koyon ya fara, kuma haka ya tafi shekara shida. Abin da ya bambanta Amm Sabir da duk masu sana'ar da na sani, bai taɓa hana ni abu bai nuna mini dalili ba. In ya ce kar a taɓa furen, sai ya tsinko ɗaya ya ce in dangwala yatsa, mu dawo bayan azahar in ga wurin ya zama ruwan ƙasa. In ya ce kar a binne wuyan tsiro, sai ya kai ni gidan maƙwabta ya tone wanda wani ya binne, in shaƙi ruɓar da hancina. Ba ya lissafin aiki da watannin kalanda, da watannin manoman Masar yake yi. Dashe sai a Amshir, lokacin da sanyi ya fara sakin jiki ruwan itace bai motsa ba. Wanda ya zo masa da tsiro a tsakiyar zafi, ko jakada ne, sai ya ce masa, "Ma'alish ya basha, bishiyar ba ta san muƙaminka ba."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da haƙƙinsa. Almakashin reshe, wanda ba a ara wa kowa, ana goge shi da sifirit kafin a tashi daga wannan bishiya zuwa waccan. Wuƙa ƙarama mai lanƙwasa. Shebur na haƙa, da kwandon roba na ɗibar ƙasa. Igiyar rama, don waya tana cin ɓawo. Sai kwalbar ruwan khal, irin na girki, wadda ba ta barin aljihunsa. Duk inda za a yi dashe sai ya ɗebi ƙasar wurin a murfin gwangwani ya tsiyaya mata. In ta yi kumfa tana shuu, akwai farar ƙasa a ciki, wadda a nan ake kira jir, kuma ita ce babbar abokiyar gabar magnoliya. Tana ɗaure mata baki ta kasa shan sinadarin ƙarfen da ke sa ganye ya yi kore. Ƙasar Alƙahira kuwa kusan duk kumfa take yi. Shi ya sa ba a dasa magnoliya a ƙasar da aka tarar. Kwashewa ake yi a haɗa mata tata: lakar Nilu, da yashi mai tsabta, da baƙar ƙasar buhu da ake kira bitmos, da ruɓaɓɓen ganye, da ɗan garin farar wuta.

Aikin da na fi alfahari da koyonsa shi ne fitar da 'ya daga jikin uwa. In ka shuka ƙwayar magnoliya, sai ka yi furfura kana jiran fure. Don haka reshe ake zaɓa, mai kaurin babban yatsa, a ɗaye ɓawonsa zagaye kamar zobe, a kankare santsin da ke ƙasa, a dunƙula jiƙaƙƙen bitmos a wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Sai jira. Wata biyar, wata shida, wani ma sai shekara ta kusa zagayowa kafin ka hango farar saiwa ta cikin ledar. Cikin goma, in huɗu suka kama, ka yi sa'a. Na farko da na yi, na buɗe ledar sau uku don in duba. Amm Sabir ya ce, "Ke in kin dafa shinkafa haka kike tsaye kina buɗe tukunya?" Bai kama ba. Na biyu ban buɗe ba, ya kama.

Karatu ma sana'ar ce ta tura ni. Na haura arba'in ban san baƙi ba, buhunan taki da launinsu nake gane su. Wata rana kamfani ya canja launin buhu, na zuba wa shukar furen yasmin ɗin Madam abin da ya ƙone shi ƙurmus. Amm Sabir ya ɗaga buhun ya ce, "Ga shi a rubuce, shi ma buhun ya yi iya ƙoƙarinsa." A satin na shiga ajin manya a Abbasiya, bayan la'asar, ina hawa mota biyu. Larabci na fara, daga baya wata ɗaliba 'yar Zariya ta koya mini boko. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta shi, in kun ga gargada ku yi haƙuri da ita.

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Matan ma'aikatan jakadanci sun fi kowa son magnoliya, sun kuma fi kowa gaggawa. Wata Hajiya ta tsare ni wai sai ta yi fure kafin bikin 'yarta. Na ce, "Hajiya, mijinki shekara uku aka turo shi, bishiyar nan huɗu take so. Ki dasa wa wadda za ta gaje ki ɗakin." Ta yi fushi, ta dawo bayan kwana biyu ta ce a dasa. Ita ba ta ga furen ba, amma duk matar da ta zauna a gidan bayanta ta gani. Irin waɗannan nake girmamawa.

To, bari in zo kan layinmu. A unguwar Faisal nake zaune, wani layi da ya ratse daga babban titi, benaye a jere kamar haƙora, ba ko tsinken ciyawa. Shugaban kwamitin layin, Hajj Mahrus, mai shagon tayil, ya tara mutane aka ce a yi shuka. Shi fikus yake so, wannan da ake yi wa aski kamar kan ɗan makaranta, don ba ya mutuwa ko an zuba masa kalanzir. Na miƙe na ce ina da abin da ya fi shi. A lokacin an sayar da gidan Zamalek, wanda ya saya ya sare tsohuwar bishiyar ya yi wurin ajiye motoci. Amma kafin a sare, ni da Amm Sabir mun fitar da 'ya'yanta goma sha biyu, ina renonsu a gwangwanaye a saman benenmu. Su ke nan abin da ya rage daga gare ta a duniya.

Hajj Mahrus ya ce, "Ya Umm Bashir," don haka Misirawa ke kirana da sunan ɗana, "wannan bishiyar 'yan Zamalek ce. Mu nan kekunan haya na tuk-tuk gare mu da awaki."

Na ce, "Hancin mutanen Faisal bai kai ya shaƙi ƙamshi ba ne, ya Hajj?"

Aka yi dariya, aka bar mini.

Ramukan sun ci mana sati biyu. Na zaɓi gefen da benaye ke yi wa inuwa bayan azahar, don ranar nan tana ƙona ganye. Kowane rami faɗinsa ya ninka gwangwanin sau uku, zurfinsa kuwa daidai da shi, ba ƙari. Abin da muka fitar daga ƙasar layin nan ba ya ƙirguwa: ɓaraguzan siminti, fasassun tayil, takalmi, har da rabin kujera. Duk na sa aka kwashe, na zuba haɗina da na cakuɗa da hannuna. Muka dasa a Amshir, na yi wa kowace gurbin ruwa a gindi, na rufe da busasshen ganye.

Dole in faɗi alherin mutanen layin nan. Maƙerin ƙofofi ya yi wa kowace keji na ƙarfe. Masu tuk-tuk suka koyi juyawa daga nesa. Umm Hani, matar da ke hawa na farko a bene na uku, ta zama 'yar sandan bishiyoyi daga barandarta, ko kyanwa ta matsa sai ta ji muryarta. Ban ruwa kuwa bawwabai suka ɗauka, wato masu tsaron ƙofofin benaye, kuma babbansu ɗan'uwanmu ne, Malam Idrisa, Bahaushen Gadarif ta can Sudan, mutum mai tsabta da tsoron Allah. Na tara su na ba su doka uku: kar a kawo fartanya, kar a zuba ruwan sabulu, kar a shafa wa jikinsu farar ƙasa kamar yadda ake yi wa itatuwan titi. Suka ce tamam. Shekarar farko duk goma sha biyun suka yi toho, har biyu suka yi fure, don sun daɗe a gwangwani kafin dashe. Mutane suna zuwa daga wasu layukan suna ɗaukar hoto.

Shekara ta biyu ita ce mummunar shekarar. Da layi ya yi kyau sai mutane suka ga bai dace bakin titi ya zauna da datti ba. Aka fara shafe dakalai da gefen titi da farar ƙasa, da azumi, da ƙaramar Sallah, da babba, da duk bikin da aka yi. Na duba jikin bishiyoyina, ba ɗigo ko ɗaya. Na yaba wa bawwabai.

Bayan ƙaramar Sallah sababbin ganye suka fara fitowa rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ne kore. Na san alamar, yunwar ƙarfe ce. Na sayo jan garin da ake narkawa a ruwa na ba su. Suka ɗan farfaɗo, bayan sati uku suka koma. Na ƙara. Suka koma. Bayan babbar Sallah gefen ganyen ya fara ƙonewa, biyu suka zubar da komai suka tsaya tsirara. Kafin sanyi ya shigo huɗu sun mutu. Na kankare ɓawonsu da farce, babu kore ko kaɗan.

A waɗannan watannin ba wanda ban yi faɗa da shi ba. Na ce wa mahauci jinin yankansa ne ke gangarowa. Na ce wa bakanike baƙin mai yake zubarwa. Umm Hani kuwa na kama ta tana juye ganyen shayi a gindin tata, na tsaya a tsakiyar layi na ce mata ta mai da bishiyar bola, alhali na fi kowa sanin ganyen shayi ba ya cutar da magnoliya, amfani ma yake yi mata. Ta shige ta rufe baranda, daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba.

Wata Talata Hajj Mahrus ya kira ni shagonsa. Ya sa aka kawo mini shayi, abin da ya nuna mini maganar ba mai daɗi ba ce.

"Ya Umm Bashir, mun yi haƙuri. Layi ya koma kamar asibiti. Ranar Asabar mota za ta kawo fikus, za a tumɓuke takwas ɗin nan. Khalas."

Na ce, "Wanda zai tumɓuke su sai ya fara da ni."

Ya ce, "Ke ba za ki shiga motar ba, kin yi nauyi. Kawo mini dalili ɗaya da zai sa su tashi, in babu, Asabar."

Ba ni da dalili. Laraba na tsinki ganye uku na nufi gidan 'yar Amm Sabir a Giza, inda yake zaune tun da gwiwoyi suka kayar da shi. Idonsa ya yi rauni, sai da ya kai ganyen kusa da hanci. Ya shafa, ya lanƙwasa, ya ji yadda ya karye.

"Kin zuba khal?"

Na ce, "Ya Amm, ni na haɗa ƙasar nan da hannuna. Babu jir a cikinta."

"Ban tambaye ki wa ya haɗa ba. Kin zuba?"

"Ban zuba ba."

"Shekara biyu ƙasa tana kwana a titi, ke kina kwana a hawa na shida, kuma kina rantsuwa a kanta? Yalla, tashi. Kar ki sha shayin ma."

Alhamis da safe na durƙusa gindin ta farko, na yaye busasshen ganyen, na tsiyaya khal. Ƙasar ta tashi da kumfa kamar an buɗe lemon kwalba. Na sa yatsa na tona kaɗan, sai ga wani farin ɓawo a shimfiɗe, tauri kamar ƙanzo. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta takwas. Malam Idrisa yana shara a ƙofar benensa, ya taho da tsintsiyarsa.

"Yaya Kulu, lafiya kike tona?"

Na ɗago farin ɓawon na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya duba, fuskarsa ta washe. "Ai maganin gara ne. Ragowar ruwan shafen nan ne, in mun wanke bokitai. Na ce wa 'yan'uwa kar wanda ya zubar a kwata, a raba wa bishiyoyi daidai wa daida. Mu a Gadarif haka muke yi wa ginshiƙin rumfa da gindin lemo, gara ba ta kusanta. Kuma ruwa ne, Yaya, ya za a yi a zubar da ruwa ga mai ƙishi a tsaye?"

"Shi ne kuma kuka rufe da ganye?"

"To ai kin ce kullum gindin ya kasance a rufe. In mun zuba sai mu mayar yadda kika bari."

Na ce, "Ban hana ku farar ƙasa ba?"

"Kin hana a shafa a jiki. Wallahi ba wanda ya shafa. Mu mun ɗauka don kar a ɓata musu kyau ne, tun da 'yan gayu ne."

Na ajiye ɓawon a ƙasa, na haɗiye faɗan da na saba. Mutumin nan duk abin da na faɗa ya bi, ƙari ma ya yi. Ya ɗauki bokiti mai nauyi ya bi bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya don kar wata ta fi wata samu. Ni ce na ba su doka ban ba su dalili ba. Shekara shida ina gaban mutumin da bai taɓa yi mini haka ba, na zo layina na yi wa mutane umarni kamar hafsan soja. Na ɗebi ƙasar a tafin hannu na tsiyaya khal a gabansa, na gaya masa abin da jir ke yi wa bakin bishiyar. Ya daɗe yana kallon kumfar. Sai ya jingine tsintsiyar ya ce, "Innalillahi. Ashe huɗun nan ni na kashe su da hannuna."

Na ce, "Ni da kai ne. Nawa kason ya fi yawa."

Bayan la'asar muka je shagon Hajj Mahrus, ni da shi, da murfin gwangwani biyu. Ɗaya na cika da ƙasar gindin bishiya, ɗaya da ragowar haɗina na saman bene. Na zuba wa kowane khal a kan teburinsa. Ɗaya ya yi kumfa har ya zubo kan tayil ɗin talla, ɗaya ya yi shiru.

"Ga dalilinka, ya Hajj. Ba ciwo suke yi ba, guba muke ba su. A kwashe ta sama, a sa sabuwa, a wanke da ruwa mai yawa, a ba su farar wuta da ƙarfe. Ka ba ni zuwa tohon bazara."

Ya goge teburin da hankici ya ce, "In kuma ba su yi ba?"

Kafin in amsa Malam Idrisa ya ce, "In ba su yi ba, ya Hajj, ni zan haƙa ramukan fikus ɗinka ni kaɗai, duka goma sha biyun. Laifin daga bokitina ya fito."

Hajj Mahrus ya dube shi, ya dube ni. "Ku mutanen nan, ko kun yi ɓarna sai kun sa mutum ya ji kunya. To, na ji. Amma motar Asabar na riga na yi magana da ita. In na fito ranar na ga ƙasar nan ba a canja ba, gindi takwas cif, zan sauke fikus. Ba zan zauna ina kallon gawa har bazara a kan alkawarin baki ba."

Kwana ɗaya ke nan ya ba ni, Juma'a. A nan ne ku masu cewa aikin ba wuya za ku gane. Gindi takwas, kowane faɗinsa ya kai tabarmar sallah biyu, kuma saiwoyin sun riga sun bazu a cikin ƙasar da za a cire. Shebur ba zai shiga ba, fartanya ba za ta shiga ba. Sai abu ƙarami mai santsin baki, a bi tsakanin saiwa da saiwa a hankali, kuma wadda aka buɗe ba za ta jira rana ta buge ta ba, nan take za a rufe ta da sabuwar ƙasa. Na lissafa, ni da bawwabai biyar ko mun wuni ba za mu wuce uku ba. Hannuwa ake bukata, masu yawa, masu haƙuri, irin waɗanda suka saba tsince shinkafa. Masu irin hannuwan nan kuwa su ne matan layin da na bi ɗaya bayan ɗaya na ɓata wa rai.

Ba zan ja ku da yadda suka farfaɗo ba. Bakwai suka tashi, ɗaya ta bi 'yan'uwanta, kuma wanda yake son gani ya zo Faisal farkon zafi ya bi hancinsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne safiyar Juma'ar nan.

Da gari ya waye na sauko da buhunan haɗi daga saman bene, Malam Idrisa ya jera su gindi-gindi. Na ɗaura zanen aiki, na haye bene na uku, hawa na farko, na ƙwanƙwasa ƙofar Umm Hani. Ta buɗe da tsumman goge-goge a hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Na'am? An sake samun ganyen shayi ne?"

Na ce, "Ya Umm Hani, shayinki bai yi komai ba, ni na zalunce ki a gaban mutane, kuma a gaban mutane zan faɗa. Amma yanzu cokula nake nema, da matan da za su riƙe su."

Ta rataya tsumman a kafaɗa. Sai ta ce, "Na miya ko na shayi?"

Na ce, "Duka biyun."

Ta juya ciki, na ji ta zazzage aljihun kabad gaba ɗaya a cikin tire. Ta fita baranda ta fara ƙwala wa matan layi kira da sunayensu, ni kuma na karɓi tiren na sauka.